Ƙanenka Ya Iya Neman Kuɗi, Ya Iya Riƙe Su Kuwa?

A Augie yaro ba ya jiran ya gama makaranta kafin kuɗi su shiga hannunsa. Lokacin noman rani za ka ga ɗan shekara 13 a fadamar Rima yana ƙwadagon dashen shinkafa ko korar tsuntsaye, ƙanwarsa kuma tana tallan ƙuli-ƙuli ko awara. Neman kuɗi kam sun iya. Abin da ba kasafai ake zaunar da su a koya musu ba shi ne yadda za su riƙe abin da suka samu. Mu ɗalibai da ke komawa gida hutu, mu ya kamata mu ɗauki wannan aiki, domin ƙannenmu sun fi sakin jiki da mu.

A fara da raba uwar kuɗi da riba. A ce yarinya ta sayi waken suya da mai da itace na N3,000, ta sayar da awara ta tashi da N4,000. Nata N1,000 ne kawai, sauran jari ne. Ranar da ta taɓa jarin ta sayi ɗankunne, gobe babu talla. Ka saya mata ƙaramin littafi, ta riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kullum da yamma.

Sai batun ajiya. Asusun ƙasa yana koya wa yaro haƙuri, amma ba ya kare kuɗi daga tsadar kaya. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'ana, N10,000 da ta shekara a asusu, abin da za ta iya saye bai wuce na N7,400 na bara ba. Ga kuma canjin takardun N200 da N500 da N1,000 a ƙarshen 2022, wanda ya sa mutane da yawa fasa asusu a guje. Iyayenmu mata sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke mayar da kuɗin talla akuya ko tunkiya. Idan ajiyar ta yi kauri, a buɗe wa yaro asusun banki da sa hannun mahaifi. Hukumar NDIC tana ba ajiyar bankunan kasuwanci kariya har naira miliyan 5 tun 2024.

Bashi ma darasi ne, kuma misalinsa na ƙofar gida. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Banki a Nuwamban 2015, don ba manoman shinkafa rance. Wasu sun biya, wasu kuwa sun ɗauke shi rabon gwamnati. Yaron da ya tashi yana jin cewa rance kyauta ne, da wuya ya zama abin amincewa a adashi ko a kasuwa. In ka ranta wa ƙanenka N500, ku tsayar da ranar biya, kuma ka karɓa ranar.

Matasa masu waya kuma, a faɗa musu gaskiya game da ribar dare ɗaya. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Dabarar ɗaya ce: da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko, ranar da sababbi suka ƙare, shi ke nan. Tambaya guda za ka koya masa: me suke sayarwa da ke kawo wannan riba? In babu amsa, ya kama kansa. Lambar sirrin katinsa kuma kada ya faɗa wa kowa, ko da mai POS ne.

Amma fa yara abin da suka gani suke ɗauka. In kuɗin makarantarka a cacar ƙwallo suke ƙarewa, ƙanenka ya sani, kuma ba zai saurari nasiharka ba.