Hannun Gilas da Ƙotar Fartanya

Duk wanda ya saba hawa motocin haya tsakanin Tafashiya da Kankia, ko daga Kankia zuwa Kusada, Charanchi da Gidan Mutum Ɗaya, ya san yadda ƙofofin baya suke: babu hannun gilas, sai ɗan guntun ƙarfe mai haƙora da ya leƙo ta jikin marfin ƙofa. Rana ta take, wata dattijuwa ta ce, "Ɗan nan, a taimaka mana da iska." Direba ya laluba gefen kujerarsa ya miƙo hannu guda: "Ga shi, Inna, in an sauke a maido mini." Hannun ya zaga ƙofa uku ya koma inda ya fito. Mun saba da wannan har ba ma lissafa shi cikin lalacewar mota.

Yawancin direbobin nan 'ya'yan manoma ne, da yawansu ma da damina sai sun leƙa gonar gero ko ta gyaɗa kafin su fito tasha. Babu ɗaya cikinsu da zai yarda gidansu ya fita noman fari da ruwan fartanya huɗu amma ƙota guda, a ce in wannan ya kai ƙarshen kuyya ya zare ya miƙa wa na kusa. Ƙota ta tsage, a ranar ake neman wata wajen masassaƙi, ta aduwa ko ta marke, maƙeri ya gasa tsinin ƙarfen a garwashin ƙirya har ya yi ja, ya soka shi a kan ƙotar ya zauna daram. Hannun gilas ƙota ne. Ba shi ke yin aikin ba, amma in babu shi, duk ƙarfen da ke cikin ƙofa zaman banza yake.

Manomi ya san wani abu kuma da direba ke mantawa. Ƙota ba ta faye karyewa haka kawai ba. Ruwan fartanya ne ya dakushe, ko ƙasa ta ƙeƙashe, mutum ya riƙa sara da ƙarfin tsiya, duk wahalar ta tattaru a wuyan icen. Wanda ya sa sabuwar ƙota bai wasa baki ba, zai sake komawa wajen masassaƙi kafin a yi maimai.

Haka abin yake a cikin ƙofar mota. Bayan marfin nan akwai injin gilas. A wasu motocin ƙarfuna biyu ne a gicciye, ƙaramin giya na tura wani faffaɗan ƙarfe mai haƙora. A wasu kuma waya ce ke naɗuwa tana jan gilashin sama da ƙasa. Gilashin kansa yana bin wata hanya ta roba a gefe da gefe. To, a ƙasarmu hunturu kan cika wannan hanya da ƙura, giris ɗin da aka sa tun daga masana'anta ya haɗu da yashi ya daskare, zafin bazara ya busar da robar ta yi tauri. Gilas ya fara cijewa. Fasinja ya sa hannu biyu, ya danna da gwiwa. Haƙoran da ke cikin hannun, na roba ne ko na ƙarfe mai taushi, su suka fi komai rauni a duk haɗin, don haka su ke fara cinyewa. Ranar da hannun ya soma juyawa gilas bai motsa ba, sai a ce yaran yanzu ba su iya riƙe kaya ba, alhali ciwon ya yi wata da watanni a cikin ƙofa.

Abin da ya fi damuna shi ne matakin da ke biyo baya. Ana ɗauko filaya a damƙi guntun ƙarfen a murɗa. Yau ya yi, gobe ya yi, kowane murɗi yana tauna haƙoran, har kan ƙarfen ya koma sumul. Daga nan ko an sayo sabon hannu ba shi da abin kamawa, sai an canza injin gilas ɗungurungum, ko a kai wa mai walda ya liƙa masa kan noti a riƙa juyawa da sifana. Wani kuma ya ja gilas sama da tafin hannu ya tokare shi da tsohon sukundireba ko naɗaɗɗen kwali, a shiga rami ɗaya gilas ya faɗa cikin ƙofa. Gyaran da bai fi na 'yan mintuna ba ya zama na yini guda a gareji.

Canza hannun kuwa ba sai an je Katsina ko Kano ba. Da farko a duba yadda aka ɗaure shi, domin kowace mota da irin nata. Wani kusa ce ta riƙe shi a tsakiya, a ɓoye ƙarƙashin ɗan murfin roba. A Golf 3 wani zoben roba ne a bayan hannun, a tura shi gefe guda, hannun ya zaro. A motocin Japan da yawa, irin su tsofaffin Toyota, wata 'yar lanƙwasasshiyar waya ce mai buɗaɗɗen baki ta maƙale shi. Wannan wayar, kanikawa na da dabararta: a zura tsumma tsakanin hannun da marfin ƙofa, a riƙe bakinsa biyu a ja dama da hagu, tsumman ya kamo ƙafar wayar ya fizgo ta. A sa ido sosai, don tsalle take yi, in ta faɗa cikin rairayin tasha sai dai a yi haƙuri. Wajen mayarwa, ana fara sa wayar a jikin sabon hannun, a ɗaga gilas har sama, a daidaita hannun ya kalli inda na ɗaya ƙofar ke kallo don kada ya tokari gwiwar fasinja, sannan a buga da tafin hannu har a ji ƙas.

Amma kafin a buga ɗin, a wasa bakin fartanya. A kwance marfin ƙofa, a kankare tsohon giris, a sa sabo a haƙora da gaɓoɓin ƙarfen, a wanke hanyar roba da ruwan sabulu. Kada a zuba mata baƙin mai, kumbura roba yake yi, kuma ƙura yake kira. In gilas ya sauka ya hau da yatsu biyu, aiki ya kammalu.

Wani zai ce ina ake samun kayan motar da ta tsufa haka? Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975, aka ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da sallamarta. Golf 3 da ta cika tashoshinmu an fara ƙera ta a Jamus a 1991, aka daina kafin ƙarshen shekarun 1990, wato ko autarsu ta haura shekara 25. Yawan da suka yi a ƙasar nan shi ya sa kayansu ba sa yankewa: akwai a Ƙofar Ruwa a Kano, akwai a Panteka a Kaduna, akwai wajen masu yanka motoci. Mai zuwa saye ya tafi da tsohon hannun a aljihu a gwada haƙora, domin ba kowanne ke shiga kowanne ba. Ni dai na fi amincewa da na asali da aka ciro daga jikin wata mota a kan sabon roba mai sheƙi marar nauyi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sabuwar mota ta ƙara yi wa ɗan haya nisa, tsohuwar nan ita ce jari, ita ce abincin gida.

Kuma maganar ta wuce ta shan iska. A watan Afrilu zafi kan kai maki 40 a yankin Katsina, ga mutum huɗu a kujerar baya, ga mai goyo, ga marar lafiya da za a kai asibitin Kankia. Allah ya kiyaye, in haɗari ya faru ƙofa ta maƙale, taga ce hanyar fita. Fifikon gilas na hannu a kan na lantarki shi ne ba ya jiran batir, ba ruwansa da fis ko tsinkewar waya. Direban da ya ajiye hannu ɗaya a gefen kujerarsa ya ƙwace wa fasinjojin baya wannan damar, a daidai lokacin da shi kansa ba lallai ya iya miƙo musu ba.

Shugabannin tasha da ke duba taya da birki kafin mota ta shiga layi, don Allah ku riƙa buɗe ƙofofin baya ku duba. Kai kuma direba, ƙofa huɗu gare ka, ka sa wa kowacce hannunta kafin ruwan bana ya sauka.