Yadda ake ƙirga ƙwayoyin zarra ba tare da an gan su ba

A kasuwar hatsi ta Dawanau babu mai ƙirga gero ƙwaya-ƙwaya. Tiya ake ɗauka a auna, a yi ciniki. Masana kimiyyar sinadarai ma haka suke yi, sai dai tasu tiyar sunanta mol, kuma ta sha jawo wa ɗalibai asarar maki a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

Kamar yadda dozin yake nufin 12, kiret ɗin ƙwai kuma 30, mol ɗaya na nufin 6.022 × 10²³, wato 6022 da sifili 20 a bayanta. Ana kiran ta lambar Avogadro, don girmama Amedeo Avogadro, masani ɗan Italiya da ya gabatar da hasashensa kan iskar gas a 1811. A 2019 aka tsayar da ita a kan 6.02214076 × 10²³ daidai.

Matakai uku

Mu ɗauki ruwa, H₂O. Kowane molikul ɗinsa yana da zarrar haidurojin 2, kowace nauyinta 1, da ta oksijin 1 mai nauyin 16. Jimilla 18. Ke nan mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, abin da ya ɗan ɗara babban cokali ɗaya.

Idan aka tambayi yawan zarrar da ke cikin giram 36 na ruwa, da farko a raba 36 da 18, a samu mol 2. Na biyu, a ninka 2 da lambar Avogadro, a samu molikul 1.204 × 10²⁴.

A nan ne ɗalibai kan ajiye biro, alhali da sauran aiki. Zarra aka tambaya, ba molikul ba. Tunda kowane molikul na da zarra 3, sai a sake ninkawa da 3. Amsa ita ce 3.61 × 10²⁴.

Daga aji zuwa gona

Lissafin bai tsaya a takardar jarrabawa ba. Takin yuriya, CO(NH₂)₂, yana da kabon 1, oksijin 1, naitirojin 2 da haidurojin 4 a kowane molikul. Wannan 2 da ke wajen baka tana ninka duk abin da ke ciki, kuma mantawa da ita kuskure ne da ake yawan yi.

Nauyin mol ɗaya na yuriya giram 60 ne, don haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kusan mol 833. A cikin giram 60 ɗin, 28 naitirojin ne, wato kashi 46 da ɗoriya cikin 100. Wannan ita ce 46 ɗin da manomi ke gani a jikin buhu, kuma ita yake biya wa kuɗi.

Shawarar da ta rage wa ɗalibi ita ce, kafin ya taɓa kalkuleta, ya ja layi ƙarƙashin abin da aka tambaya: mol, molikul ko zarra.