Shin Ko Kun San? Daga Jimeta Zuwa Kujerar Dama ta Jirgin Sama

Shin ko kun san cewa filin jirgin saman da kowa ke kira na Yola a Jimeta yake? Tun 2023 yake ɗauke da sunan Lamido Aliyu Mustapha, wanda ya riƙe sarautar Adamawa daga 1953 har rasuwarsa a 2010. A tikitin fasinja YOL ake rubutawa, amma a takardun matuƙa sunansa DNYO: harafin D na wannan yanki na Afirka, N na Najeriya, sauran biyun na Yola. Yaro ko yarinyar da ke ɗaga kai duk sanda jirgin Abuja ya ratso saman kogin Binuwai zai sauka, wannan shafi nasu ne, da iyayen da za su ɗauki nauyin karatun.

Shin ko kun san cewa makarantar koyon tuƙin jirgi mafi daɗewa a Najeriya a Arewa take? Ita ce kwalejin NCAT ta Zariya, an kafa ta a 1964. Akwai wata a Ilorin. Ana neman sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da fiziks, saboda haka ɗalibin sakandare a Yola da ke wasa da lissafi ya sani tun yanzu ƙofar yake rufe wa kansa. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a ƙasar nan, a Zariya ta koya, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin.

Shin ko kun san cewa likita ne ke fara yanke hukunci kafin malami? Ana duba zuciya, da ji, da gani, da hawan jini. Sa tabarau ba ya hana mutum tuƙi muddin yana gyara masa gani. Wanda ba ya rarrabe ja da kore kuwa yana cikin matsala, domin fitilun jirgi da na titin sauka da launi suke magana. Shawarata ga kowane uba: a je wajen likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi kafin a sayar da gona ko shanu a biya kuɗin makaranta.

Shin ko kun san cewa lasisin hawa-hawa ne? Na farko na ɗalibi. Sai na tuƙin kai, wanda ake samu bayan aƙalla awa 40 a sama, kuma ba a karɓar ko sisi da shi. Sai na kasuwanci: shekara 18 da haihuwa, da awa 200, ko 150 idan a makarantar da aka amince da tsarinta aka yi. Na ƙololuwa, wanda sai da shi ake zama kyaftin na jirgin fasinja, yana bukatar shekara 21 da awa 1,500.

Shin ko kun san cewa lasisin kasuwanci ba ya nufin an sami aiki? A nan ne yawancin iyalai ke shan mamaki. An yi walima, an ɗauki hoto da farar riga da igiyoyi a kafaɗa, sai kuma zaman gida ya biyo baya. Dalili shi ne ƙaramin jirgin da aka koya da shi a makaranta daban yake da na fasinja, kuma kowane samfurin jirgi da nasa izinin. Wanda ya iya ATR mai farfela biyu ba shi da ikon taɓa Embraer 145, wanda ya iya Embraer ba shi da ikon taɓa Boeing 737, sai ya koma aji ya zauna makonni a na'urar kwaikwayon tuƙi, ya ci jarrabawa. Galibi a ƙasashen waje ake wannan horo, da dala ake biya. Wasu kamfanoni kan biya wa sabon matuƙi, su ɗaure shi da yarjejeniyar yi musu aiki na wasu shekaru, in ya tafi kafin lokaci ya biya su. Wasu kuma cewa suke ka zo da izininka a hannu. Ga kuma wani kulli: kamfani yana son mai awoyi da yawa, awoyin kuma ba sa taruwa sai an ba ka jirgi. Shi ya sa wasu ke komawa koyarwa a makaranta, ko tuƙa ƙananan jiragen haya, don littafin awoyinsu ya yi kauri. A ganina, gwamnatin jiha ko attajirin da ya tura matasa koyon tuƙi ya tsaya a lasisin kasuwanci, ya kai su tsakiyar kogi ne ya karɓe kwalekwalen. Duk mai niyyar taimako ya sa kuɗin izinin samfurin jirgi a lissafi tun ranar farko.

Shin ko kun san cewa jiragen da ke haɗa garuruwa irin su Yola da Gombe da Maiduguri da Abuja su ne makarantar gaske ta sabon matuƙi? Embraer 145, irin wanda Rano Air ta Kano ta fara jigila da shi a 2023, kujera 50 gare shi. ATR 72 yana ɗaukar kimanin mutum 70, kuma kamfanin Overland na cikin masu amfani da jiragen ATR. Tafiya gajera ce, tashi da sauka sau da yawa a yini, kuma a tashi da sauka ne hannu ke faɗawa.

Shin ko kun san cewa a hirar neman aiki ba takarda kaɗai ake dubawa ba? Akan zaunar da mai neman aiki a na'urar kwaikwayo, a kashe masa inji ɗaya daidai lokacin tashi, a ga yadda zai yi. Ana lura da natsuwarsa, da ko yana bin takardar matakai ɗaya bayan ɗaya, da yadda yake magana da abokin tuƙinsa. Turancinsa ma sai ya kai mataki na 4 cikin 6 na ma'aunin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, don ya fahimci hasumiyar Yola yau, gobe ta Garwa ko ta Jidda.

Shin ko kun san cewa kunya na iya zama haɗari a ɗakin tuƙi? Kyaftin a hagu yake zama, sabon matuƙi a dama, kuma sukan karɓi juna: ɗaya ya tuƙa zuwa, ɗaya ya tuƙo dawowa, wanda ba ya tuƙi yana sa ido yana magana da hasumiya. Mu a Adamawa an raine mu a kan pulaaku: kunya, haƙuri da hankali. Ba a katse babba, ba a gyara masa magana a bainar jama'a. Tarbiyya ce da nake alfahari da ita. Amma a ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin jirgi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin ɗayan jirgin, babban malami ne a kamfaninsu, ya fara tashi ba tare da cikakken izini ba. Injiniyan da ke bayansa ya tambaya ko ɗayan jirgin ya bar titin, aka ba shi amsa a taƙaice, bai nace ba. Wannan da wasu haɗurra ne suka sa aka shigo da horo na musamman, inda ake koya wa ƙarami ya faɗi abin da ya gani ƙarara, a koya wa babba ya saurara. Ɗanmu da zai hau kujerar dama ya tafi da haƙurinsa da hankalinsa da ladabinsa, amma in ya ga kuskure ya buɗe baki, ko da kyaftin ɗin sa'an mahaifinsa ne.

Shin ko kun san cewa a ƙasa da ƙafa 10,000 an hana matuƙa hira? Sai maganar aiki kawai.

Shin ko kun san cewa zafin Yola yana shiga lissafin tashi? A watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, iska kan yi sako-sako, fuka-fuki da inji ba sa samun abin kamawa kamar da sanyin safiya. Jirgi sai ya ƙara gudu a titi kafin ya ɗaga, wani lokaci kuma sai an rage kaya. Da hunturu kuwa hazo ne abokin gaba. Kowane fili yana da iyakar nisan ganin da dole a samu kafin a sauka, in hazo ya rufe bai kai ba, ko a jinkirta, ko a juya. Fasinja a Jimeta yana fushi an soke jirginsa, matuƙin kuwa dokar da aka horar da shi a kai ya bi. Da damina kuma hadari mai tsawa kewaye shi ake yi, ba a ratsa shi.

Shin ko kun san cewa ba ƙasashe duka ke barin mai awa 200 ya hau jirgin fasinja ba? Bayan faɗuwar jirgin Colgan Air kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka mutu, Amurka ta ɗaga ƙa'ida a 2013: mataimakin matuƙi ma sai ya tara awa 1,500, in ban da wasu rangwame ga tsoffin matuƙan soja da masu digirin fannin. Turai da Najeriya ba su bi wannan hanya ba, sun dogara ga horon makaranta da na kamfani.

Shin ko kun san cewa jarrabawa ba ta ƙarewa? Ko bayan an ɗauke shi aiki, sabon matuƙi yakan yi tafiye-tafiye da kyaftin mai koyarwa kafin a sake shi. Daga nan kusan duk wata shida sai ya koma na'urar kwaikwayo, duk shekara sai ya ga likita, har ya cika shekara 65 a sauke shi daga jigilar fasinja.

Shin ko kun san tsawon hanyar da ke tsakanin kujerar dama da ta hagu? Daga Abuja zuwa Yola kimanin awa ɗaya ce a sama. Wanda ya fara da awa 200 yana bukatar ƙarin 1,300, wato kamar ya yi wannan tafiya sau 1,300, kuma dokokin hutu ba sa barin matuƙi ya wuce awa 900 zuwa 1,000 a shekara. Ko ya cika awoyin, sai kujerar kyaftin ta samu a kamfanin, sai kuma waɗanda suka riga shi shiga sun wuce.