KATIN ZAƁE DA SHAIDAR MUTUM BIYU: INA FALKE YA TSAYA?

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta tashi a karar shanu ta Adetikope, muna zaune muna jiran tirelolin Sinkase su iso. Wani yaro ya kunna rediyo, aka ji 'yan siyasar Amurka suna ta sa-in-sa a kan ko dole ne mai zaɓe ya nuna takardar shaida kafin ya jefa ƙuri'a. Wani dattijo ya yi dariya ya ce ashe Bature ma bai gama da wannan ba. Daga nan magana ta dawo kanmu, kowa ya ciro katin da ke aljihunsa, sai ga shi a cikin mutum goma ba a sami uku masu takardu iri ɗaya ba.

Ta Amurka gajera ce. A can kowace jiha a cikin 50 ita ke shirya zaɓenta, kuma fiye da 30 suna neman shaida a rumfar zaɓe. A watan Maris na 2025 Shugaba Trump ya ba da umurni cewa sai mutum ya nuna takardar zama ɗan ƙasa kafin a yi masa rajista, alƙalai suka tsayar da wannan sashe, suka ce ikon nan na jihohi ne da majalisa, ba na shugaba ba. 'Yan Rifablikan suna cewa ana so a hana baƙi zaɓe ne. 'Yan Dimokurat suna cewa talakawan da ba su da fasfo za a bari a waje. Tambayoyi biyu ke nan: wace takarda ce ke nuna kai wane ne, kuma wa ke riƙe da littafin sunaye. Mu a nan mun daɗe da sanin su, domin mu ne mutanen da ake fara tambaya.

Mu fara da gida. A Togo tun zaɓen 2007 ake ba da katin zaɓe mai hoto da zanen yatsa, kyauta, nan take. Wanda ba shi da katin ɗan ƙasa ko wata takarda, doka ta yarda sarkin unguwa ko dattijon da aka wakilta ya shaide shi, a rubuta sunansa. Da yake katin ɗan ƙasa sai da takardar haihuwa da takardar nasiyonalite, kuma samun su wahala ne, mutane masu ɗimbin yawa sun mai da katin zaɓe shi ne kartidantitensu. Shi ya sa za ku ga layi tun asuba in an buɗe rajista, kamar yadda aka yi daga Afrilu zuwa Yuni na 2023, inda aka rubuta mutum miliyan 4.2. Da yawa a layin nan ba zaɓe ya dame su ba, kati suke so na nuna wa jandarma a hanya.

To, a nan ne nake so mu buɗe ido. Katin zaɓe ba nasiyonalite ba ne. Haihuwa a Lome ita kaɗai ba ta mai da mutum ɗan Togo, doka iyaye take dubawa. Akwai 'yan Zango waɗanda kakanninsu suna garin nan tun zamanin Jamus, akwai waɗanda suka shigo a ƙarshen 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, mahaifina yana cikinsu, akwai kuma wanda ya sauko daga Maradi ko Tawa shekara biyar da suka wuce. A bakin mutumin gari duk sunanmu ɗaya, Bahaushe. A gaban doka kuwa kowa da matsayinsa. Da aka rushe tsohon Zango a 1977 aka kwashe jama'a zuwa bayan gari wajen Agoe, mun ga abin da rashin takarda ke yi wa mutum a kan gida da fili, balle a kan ƙuri'a.

'Yan adawa a Togo sun sha kukan cewa ta ƙofar shaida ake shigo da yara da baƙi cikin littafi. Masu kare ta suna cewa in aka rufe ta, rabin ƙauye ba zai yi zaɓe ba. Ni dai ina ganin kowanne yana da gaskiyarsa, kuma mu fatake mun fi kowa gane abin, don sana'armu a kan shaida aka gina ta. Baƙo ya sauko da shanu talatin daga arewa, ba wanda ya san shi, sai maigidansa ya tsaya masa. Mahauci ya ɗauki sa bashi, dillali ya lamunce. Me ya sa wannan ke tafiya shekara da shekaru ba takarda ba sa hannu? Saboda in mahauci ya gudu, maigida ne zai biya daga aljihunsa, in kuwa ya ƙi, ba falken da zai sake sauka a gidansa. Shaidarmu tana da nauyi domin mai yin ta yana da abin da zai rasa. A rumfar rajista fa? Doka ta tanadi hukunci ga mai shaidar zur, amma wa kuka taɓa gani an kama? Mutum ɗaya ya zauna a kujera ya shaidi wanda ya sani da wanda bai taɓa gani ba, ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ba shaidar ce ke da laifi ba, rashin lamunin ne.

Maƙwabtanmu na Gana sun fi mu jan wannan magana, kuma a kan 'yan Zango da mutanen bakin iyaka take sauka. A 2014 Kotun Ƙoli ta ce katin asibiti na NHIS ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ne, tun da baƙo ma yana iya samunsa, a 2016 kuma aka goge sunaye fiye da 56,000 da aka rubuta da shi. A 2015 jam'iyyar NPP ta yi zargin akwai 'yan Togo fiye da 76,000 a littafin zaɓen Gana. Da aka zo sabuwar rajista a 2020, sai aka ce katin Ghana Card ko fasfo, ko kuwa mutum biyu masu rajista su tsaya maka, har kotu ta ce takardar haihuwa ma ba ta isa ba. A 2023 hukumar zaɓe ta nemi a soke tsayawar mutum biyu gaba ɗaya a bar Ghana Card kaɗai, majalisa ta ƙi. Duk wanda ke da dangi a Nima ko Zangon Kumasi ya ji labarin yadda ake tsayar da mai suna Musa ko Garba a layi ana tambayarsa garin kakansa, alhali na gabansa ya wuce ba tambaya.

Nijar ma ta sha wannan. Ana saura kwanaki a yi zaɓen Fabrairu 2016 aka ba da izinin wanda ba shi da takarda ya yi zaɓe da shaidar mutum biyu, 'yan adawa suka ce an buɗe ƙofar maguɗi. Kafin zaɓen 2020 aka yi sabon littafi mai zanen yatsa. Sojoji suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023, magana ta tsaya cik. Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne Nijar da Burkina da Mali sun fita daga CEDEAO a Janairu 2025 sun fito da fasfonsu na AES, saboda haka mai bin hanyar Sinkase ya riƙa duba takardunsa kafin ya tashi.

Yanzu tambaya ta biyu, wa ke riƙe da littafi. Nan sai mu leƙa Nijeriya, don ita ce tarayya kamar Amurka. Hukumar INEC ta Abuja ita ke rajista, ita ke ba da katin PVC, ita ke zaɓen shugaban ƙasa da gwamnoni da majalisu. A 2023 mutum miliyan 93 ke cikin littafi, wajen miliyan 87 suka karɓi kati, waɗanda suka fito zaɓe kuwa ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Na'urar BVAS tana duba yatsa ko fuska, don haka aron kati ya yi wuya. Amma zaɓen ƙananan hukumomi ba na INEC ba ne. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha tata hukumar, gwamna ke naɗa ta. Ku dubi Kano. A Janairu 2021 jam'iyyar APC ke mulkin jiha, ta cinye ƙananan hukumomi 44 duka. A Oktoba 2024 NNPP ke mulki, ita ma ta cinye 44 duka. Mutanen nan dai su ne, kasuwanni su ne, abin da ya canja wanda ke zaune a gidan gwamnati. A zaɓen 2018 kuma hotunan yara ƙanana suna dangwala yatsa suka bazu ko'ina. Ba Kano kaɗai ba, kusan kowace jiha haka abin yake.

Dalilin ke nan da ya sa ake kira a soke hukumomin jihohi a miƙa wa INEC, kuma Ministan Shari'a Lateef Fagbemi da kansa ya faɗi haka a 2024, shekarar da Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da Abuja, inda INEC ke yin zaɓen ƙananan hukumomi shida, a 2022 APC ta ci uku PDP ta ci uku. Masu ƙi kuwa suna cewa shugaban INEC ai shugaban ƙasa ke zaɓo shi, in an ƙwace daga hannun gwamna an sa a hannun wanda ya fi shi ƙarfi ke nan, kuma INEC ɗin ita ce ta kasa ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a intanet a kan lokaci a 2023 bayan ta yi alkawari. Kada wani ya ce ina ruwan falke da ciyaman. Ƙaramar hukuma ce ke riƙe da kara da mayanka, ita ke yanka kuɗin shiga da na fito da shanu. Ciyaman da gwamna ya ɗora ba ya jin kunyar dillali.

Wanda ke zaton tattara komai a hannu ɗaya shi ne magani, ya dubi nan Togo. Mu ba mu da jihohi. Hukumar CENI a Lome ita ke yin komai, daga Aneho har Dapaong. Tana da wannan iko ne tun bayan yarjejeniyar Agusta 2006, wadda aka yi bayan zaɓen Afrilu 2005 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ya ci rayuka tsakanin 400 da 500. A cikin waɗanda suka mutu har da baƙi 'yan Mali da Nijar da ba su jefa ƙuri'a ba, aka dai ɗauka suna bayan wani ɓangare. Mu da muke Hanukope a lokacin ba mu manta kwanakin da muka yi a kulle ba. Duk da CENI, 'yan adawa sun ƙaurace wa rajista da zaɓen majalisa na Disamba 2018, kuma a zaɓen 29 ga Afrilu 2024 jam'iyyar UNIR ta sami kujeru 108 cikin 113. Sabon tsarin mulki na Mayu 2024 ya ɗauke zaɓen shugaban ƙasa daga hannun jama'a. Jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisa ita ke fito da Shugaban Majalisar Ministoci, muƙamin da Faure Gnassingbé ya hau a Mayu 2025. Wato ƙuri'ar depite da ta kansila su ne suka rage a hannun ɗan Togo, kuma su ne mutanenmu suka fi rainawa.

A ganina, ko Abuja ko Kano, ko Lome ko ƙauye, ba nisan ofis ne abin dubawa ba. Wa ya naɗa mai ƙidaya, kuma a gaban wa ya ƙirga? Mu ba ma yarda a tafi da kuɗin sa ɗaki a dawo a ce mana ga abin da aka samu. A gindin turke ake ƙirgawa, mai saye da mai sayarwa da dillali suna kallo. Haka kuma ba na ƙin a ce sai da kati, da sharaɗin hukuma ta fara kai wa mutane takarda har inda suke. Tun 1998 CEDEAO ta yi wa garke takardar ƙetare iyaka, mai adadin shanu da allurar da aka yi musu. Sau nawa muka ga shanu da takarda, makiyayinsu ba shi da ko ta haihuwa?

Saura abin da ke wuyanmu. Akwai 'yan'uwa masu kati biyu, har uku, na Togo da na Gana ko na Nijeriya, wai don sauƙin hanya. Wannan ganganci ne yanzu. Gab da zaɓen 2023 jami'an shige da fice na Nijeriya sun nuna dubban katunan zaɓe da na ɗan ƙasa da suka ƙwace a hannun baƙi. Wani yarona ya taɓa kwana biyu a wani shinge don an ga katunan ƙasa biyu a jakarsa, shanu na tsaye a mota cikin rana, biyu suka faɗi sai yanka aka yi. Kuma duk wanda aka kama, ba sunansa ake kira ba, cewa ake 'yan Zango ne, sai a tsananta wa ɗan ƙasa na gaskiya da ke bayansa a layi. Masu gida kuma, in ɗan siyasa ya zo ya ce ku shaidi baƙinku, ku tuna baƙon zai koma garinsu, ku ne za ku zauna.

Wanda ɗan Togo ne ya nemi nasiyonalite tun kafin ya buƙace ta, ya haɗa takardun iyaye tun suna da rai. Wanda ɗan Nijar ne ko Nijeriya ya yi katin ofishin jakadancinsa. Ɗan Nijeriya ya sani ba a yin zaɓe daga waje, sai a rumfar da ya yi rajista. Takardar haihuwa kyauta ce a Togo tun Janairu 2022 in an kai sunan jariri lameri cikin kwana 45, in ya wuce sai an bi ta kotu da shaidu da kuɗi. Ranar suna, bayan an yanka rago, a tura wani ya kai takardar asibiti.

Sannan a riƙa tambayar ranar zaɓe kafin a yi lodi. Gana ta rufe iyakokinta na ƙasa a zaɓen 7 ga Disamba 2024, Nijeriya da Togo ma sukan rufe a ranar zaɓensu. Mai shanu a mota kada ya kuskura ya iso Aflawo ko Hilakonji a jajibirin irin wannan rana, don a can ba ciyawa, ruwan ma sai an saya.