Roba Ko Foliyuretan: Zaɓin Da Ke Gaban Mai Motar Gudu

Duk wanda ya taɓa kai motarsa gareji don ƙafarta tana ƙwanƙwasa in ta shiga gargada, da wuya bai ji bakanike ya ce masa bushin ne ya ci ba. A da maganar ba ta da tsawo, a cire tsohuwar roba a sa sabuwa, shi ke nan. Yanzu kuwa masu motocin gudu irin su BMW da Subaru, musamman samari, sukan iske an shimfiɗa musu zaɓi biyu, watau baƙar robar da aka saba da ita, da wata mai launin ja ko ruwan ɗorawa ko shunayya da ake kira foliyuretan, wadda masu sayarwa ke cewa ta fi ƙarko kuma tana sa mota ta kama titi.

Shi bushin ɗan abu ne da bai wuce cikin tafin hannu ba, ana sa shi a duk inda ƙarfen ƙafar mota ya haɗu da gangar jikinta. Yana ba ƙafar damar hawa da sauka, sa'an nan yana shanye girgizar hanya kada ta isa ga mutanen da ke ciki. Ɗanyar roba ba za ta iya wannan aiki ba sai an dafa ta da farar wuta, dabarar da Ba'amurke Charles Goodyear ya yi wa rajista a shekarar 1844. Foliyuretan kuwa ba daga itace ya fito ba, Bajamushe Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka harhaɗa shi a ɗakin bincike a 1937.

Abin da ya kamata mai mota ya fara fahimta shi ne ba iri ɗaya suke aiki ba. Bushin roba a manne yake da bututun ƙarfen da ke tsakiyarsa, galibi kuma da zoben ƙarfen da ke kewaye da shi. In ƙafar mota ta motsa babu abin da ke gogar wani, robar ce ke murɗewa ta koma yadda take. Saboda haka ba ya bukatar giris, ba ya kuma kuka. Na foliyuretan ba a manne yake ba, juyawa yake yi a kan bututun, don haka tilas a shafa masa giris, kuma ba kowane iri ba, masu ƙera shi sun fi son mai silikon. Ran da giris ɗin ya bushe, ranar zai fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Akwai ma'aunin taurin roba da ake kira Shore A. Robar da kamfanonin mota ke sakawa takan faɗa tsakanin 50 da 70 a wannan ma'auni, shi kuwa foliyuretan na hawan yau da kullum yakan kai wajen 80, na filin tsere har 95. Wannan tauri shi ne dukiyarsa. In direba ya shiga kwana da gudu ko ya taka birki da ƙarfi, roba mai laushi takan matse, taya ta ɗan kauce daga yadda aka saita ta, sai a ji sitiyari ya yi jinkirin amsawa. Foliyuretan ba ya matsewa haka, motar takan bi hannun direba nan take. Bugu da ƙari, baƙin mai da ke ɗiga daga inji yana kumbura roba ya ruɓar da ita, rana da iska kuma suna tsattsaga ta, alhali foliyuretan ya fi jure wa waɗannan.

Amma fa kuskure ne a ɗauka laushin roba rowa ce ta kamfani. Injiniyoyi da gangan suke lissafa shi. Alal misali, motar Porsche 928 da aka fito da ita a 1977 an tsara ƙafarta ta baya ne yadda in direba ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, lanƙwasar robar za ta sa tayar baya ta ɗan karkata ciki, motar ta tsaya kan hanyarta maimakon bayanta ya juya. Wanda ya taurara irin wannan wuri ba tare da sani ba ya rushe lissafin da aka yi don ceton ransa. Haka nan akwai wuraren da ƙafa ke motsi ta fuska biyu a lokaci guda, tana juyawa tana kuma karkata, kamar doguwar ƙafar baya ta BMW ƙirar E36 da E46. Roba takan ba da kai ga duka biyun. Foliyuretan mai tauri juyawa kaɗai ya iya, in aka tilasta masa karkata sai ya cije, ƙafar ta kasa sauka yadda ya kamata, taya kuma ta rage kama ƙasa a daidai lokacin da aka fi bukata. Ƙarfin bugun da ya ƙi shanyewa ba ɓacewa yake yi ba, wucewa yake zuwa ga kusoshi da walda da jikin motar.

A nan ne maganar hanya ta shigo. Filin tsere na Turai a shafe yake sumul, taurin ƙafa riba ne a can. Inda hanya ke da ramuka da kunya-kunya kuwa, motar da ƙafarta ke bin ƙasa ita ce mai sauri. Manya ba su manta da Peugeot 504 ba, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. A wannan shekarar ce Ove Andersson, mutumin Suwidin, ya ci tseren Safari na Kenya da irinta, kuma motar ba da taurin ƙafa ta yi suna ba, da iya haɗiye gargada ne. Ko masu tseren daji na baya-bayan nan da yawa ba su bar roba ba, kamfanin Subaru ma ya ƙera wata mai ƙarin tauri don motocinsa na gasar rukunin N, wadda ke rage lanƙwasa ba tare da bukatar giris ba.

Sai kuma ƙura, wadda masu talla ba su cika ambata ba. Giris maganaɗisun ƙura ne. In hunturu ya kama, ƙurar da ta shiga tsakanin foliyuretan da bututunsa takan gauraya da giris ta zama kamar yashin wanke tukunya, tana cin su a hankali har rami ya buɗe, ƙwanƙwasar da aka gudu ta dawo. Ruwan damina kuma yana wanke giris ɗin. Ma'aikacin da ke da mota ɗaya tak, da ita zai je ofis, da ita zai kai iyali gida ƙauye ran Sallah, sai ya tambayi kansa ko zai iya kai ta a kwance ƙafa a sake shafawa lokaci-lokaci, ko kuma maiɗakinsa za ta yarda da jijjigar da za ta riƙa hawowa ta kujera.

Shi ya sa gogaggun makanikai ba sa sauya mota gaba ɗaya, wuri-wuri suke bi. Sandar da ke hana mota tangaɗi a kwana, wadda suke kira sitabilaiza, juyawa kawai take yi a mazauninta, kuma canja bushinta ba wuya, to nan foliyuretan ya dace ƙwarai. Haka ma mazaunin akwatin sitiyari. Manyan bushin ƙafar gaba, waɗanda a wasu motoci har ruwa ake ɗurawa cikinsu don kashe girgiza, da na ƙafar baya masu motsi biyu, gara a bar su a roba.

Ita ma robar tana da nata sharaɗi. Yawancin masu cewa ba ta da ƙarko sun gwada foliyuretan sabo ne da robar da ta shekara goma sha biyar a ƙarƙashin mota, ko da jabu mai arha wadda ba ta kai wata shida. Sa'an nan da yawa a wajen ɗauri ake kashe ta. Tun da murɗewa take yi, ba a ƙarasa ɗaure kusarta motar tana rataye a kan jak. In an yi haka, da an sauke motar robar ta riga ta murɗe tun ba a tashi ba, ramin farko kuma sai ya fara yaga ta. Sai an sauke motar ta zauna da nauyinta a kan tayoyi kafin a yi ɗaurin ƙarshe, daga nan a wuce wurin masu saita taya, domin kowane iri aka saka, daidaiton tayoyin ya riga ya motsa.