Ana Gudun Maciji, Ana Kwana da Ɓera

A Zungur da ke Bauchi, da wani ya ƙwala ihun "maciji!", kafin ya rufe baki samari sun fito da sanduna, mata sun kwashe yara. Shi kuwa ɓeran da ya kwana yana ɓarna a buhun masara, iyakarsa tsaki. Alhali shi ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, kuma Bauchi na cikin jihohin da cutar ta fi addaba, tare da Ondo da Edo.

Masana halayyar ɗan Adam sun ce tsoron maciji gado ne. Kakanni sun shafe dubban shekaru a daji, inda mai saurin zabura ke tsira har ya bar zuriya. A 2001, Arne Öhman na ƙasar Suwidin da abokan aikinsa sun cakuɗa wa mutane hotuna, suka tarar ido ya fi saurin tsinto maciji cikin furanni a kan tsinto fure cikin macizai.

Lassa kuwa, wadda aka gano a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, ba ta fasa kai ba ta huci. Tana cikin fitsari da kashin ɓera, ta bi ta shanyar rogo a bakin titi ko kwanon tuwon da aka bari a buɗe. Takan yi har kwana 21 kafin ta bayyana, sannan ta zo da kamannin zazzaɓin cizon sauro, sai a aika yaro kemis. Kusan takwas cikin goma na masu kamuwa ba sa jin jiki sosai, don haka ba a ganin abin tsoro. Tausayi ma, wanda shi ma gado ne, yakan buɗe mata ƙofa: 'yar'uwar da ke share aman majinyaci da hannu tana iya kwasa.

 

Shi ya sa jami'an lafiya suka fi dogara da sabo a kan tsoro: hatsi a mazubi mai murfi, shara nesa da gida, a daina ƙona daji da rani don kada ɓeraye su kwararo cikin gari. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya kuma a garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin maganin ribavirin ya fi aiki a kwanakin farko.