Tsallake zangon ƙarshe a tikitin maki: Abin da matafiyi ke samu da abin da yake jefawa cikin haɗari

A tsakanin masu yawan tafiye-tafiye ta jirgin sama akwai wata dabara da ta daɗe tana jawo taƙaddama da kamfanonin jirage. Mutum ya yanki tikitin zuwa wani gari mai nisa, alhali inda yake nufi shi ne garin da jirgin zai yada zango a hanya. Da an sauka nan sai ya ɗauki jakarsa ya fice, kujerarsa ta zangon ƙarshe ta tafi babu kowa a kai. Masu harkar sufurin sama na kiran wannan da sunan dabarar “ɓoyayyen birni”.

An fi sanin dabarar a tikitin da aka saya da kuɗi, amma ta bazu zuwa tikitin da ake yanka da makin tukwici, wato makin da kamfanoni ke tara wa abokan hulɗarsu. A wannan fanni lissafin ya ɗan bambanta, domin abin da mutum zai iya rasawa ya wuce kuɗin tikiti guda.

Me ke sa doguwar tafiya ta fi gajera araha?

A bisa hankali, tafiya mai zango biyu ta kamata ta fi mai zango ɗaya tsada. Sai dai kamfanonin jirage suna tsayar da farashi ne bisa kasuwar da ke tsakanin garin tashi da garin sauka. Idan kamfani ya mamaye wani babban filin jirgi, kamar Lufthansa a Frankfurt ko American Airlines a Charlotte, yakan tsauwala farashin tafiya kai tsaye zuwa can. Amma tafiyar da ta ratsa ta wannan fili zuwa wani gari tana fuskantar gogayya da wasu kamfanoni, don haka dole ya sassauta.

A ɓangaren maki, wanda ya bunƙasa tun bayan da American Airlines ya ƙaddamar da shirin AAdvantage a 1981, dalilai uku ne ke jan mutane zuwa dabarar.

Na farko shi ne rabon duniya shiyya-shiyya. Wasu shirye-shiryen suna ƙayyade maki ne gwargwadon shiyyar da za a sauka, saboda haka garin da ke gaba zai iya faɗawa cikin shiyyar da ta fi araha a kan ta garin da aka yada zango. Na biyu shi ne farashi mai hawa da sauka. Delta ya janye jadawalin makinsa a 2015, United ya bi sahu a 2019, kuma daga nan makin da ake nema ya koma bin farashin kuɗi, tare da duk karkacewar da ke cikinsa. Na uku shi ne ɗaure zanguna. Kamfani na iya sakin kujerar maki ga mai tafiya daga gari na farko zuwa na uku, ya kuma hana ta ga wanda zai tsaya a na biyu, ko da yake jirgi ɗaya ne kuma kujera ɗaya. Wanda ya nemi tikiti ya rasa sai ya ƙara wani zango a gaba, kujerar ta bayyana.

Shin laifi ne?

A Amurka da ƙasashen Turai, inda aka fi tafka shari’o’i kan lamarin, ba a ɗauki fasinjan da ya bar kujerarsa a matsayin mai aikata laifin da hukuma za ta gurfanar ba. Magana ce ta yarjejeniya. Duk wanda ya yanki tikiti ya amince da sharuɗɗan sufuri na kamfanin, kuma manyan kamfanoni da dama sun rubuta cewa dole a yi amfani da zangunan tikiti gaba ɗaya, bi da bi. American, Delta da United sun ambaci wannan dabara ƙarara cikin abubuwan da suka haramta.

Kotuna kuwa ba su tsaya a matsaya ɗaya ba. A 2010 Kotun Ƙolin Tarayyar Jamus ta yi watsi da sharaɗin Lufthansa da British Airways na soke tikiti ɗungurungum idan ba a bi jerin zangunansa ba, amma ta bar wa kamfanoni damar sake lissafin farashi bisa tafiyar da aka yi a zahiri. A 2018 Kotun Ƙolin Sifaniya ta ayyana irin wannan sharaɗi na kamfanin Iberia a matsayin zalunci ga fasinja.

Shari’ar da ta fi yin amo ita ce wadda Lufthansa ya kai wani fasinja da ya sayi tikitin zuwa da dawowa daga Oslo zuwa Seattle ta Frankfurt a 2016, kan Yuro 657. A hanyar dawowa ya sauka a Frankfurt, ya hau wani jirgi zuwa Berlin. Kamfanin ya nemi cikon sama da Yuro 2,000. Wata kotu a Berlin ta kori ƙarar a watan Disambar 2018, bisa dalilin cewa hanyar da kamfanin ya bi wajen lissafa cikon ba ta fito fili ba. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, daga baya ya janye.

A Amurka kamfanoni sun fi mayar da hankali kan shafin Skiplagged, wanda Aktarer Zaman ya kafa a 2013 domin zaƙulo irin waɗannan tikitoci. United ya kai shi ƙara a 2014, kotun Chicago ta kori ƙarar a 2015 saboda ba ta da hurumin saurarenta. American ya shigar da tasa a Texas a 2023, kuma a Oktoban 2024 masu taimaka wa alƙali suka yanke cewa shafin ya biya dala miliyan 9.4. Wannan hukunci ya shafi keta haƙƙin mallakar tambarin kamfanin ne, bai haramta wa fasinja sauka a tsakiyar hanya ba.

Inda tikitin maki ya fi haɗari

Mai tikitin kuɗi na iya ƙin saka lambar asusun makinsa a tikitin, ta yadda kamfani ba shi da abin kamawa a hannu nan take. Mai tikitin maki ba shi da wannan mafaka, tunda daga asusunsa tikitin ya fito. Sunansa, tarihin tafiye-tafiyensa da ragowar makinsa duk suna gaban kamfanin.

Sharuɗɗan yawancin shirye-shiryen sun bayyana cewa maki ba dukiyar mai asusu ba ce, kuma kamfani na da ikon rufe asusu, ƙwace makin da ke ciki da soke matsayin girmamawa idan ya ga an ci zarafin shirin. A Amurka wannan iko ya ƙara ƙarfi a 2014, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci baki ɗaya a shari’ar Northwest da Ginsberg. Mutumin ya ƙalubalanci korarsa daga shirin maki na kamfanin da hujjar rashin adalci, amma kotun ta ce dokar sakar wa harkar jiragen sama mara ta 1978 ta toshe irin wannan ƙara a ƙarƙashin dokar jiha. Shari’ar ba ta shafi tsallake zango ba, sai dai ta nuna ƙarancin madafar wanda aka rufe wa asusu.

Saboda haka wanda ya tsallake zango domin ya tsimin maki kaɗan yana jingine duk abin da ya tara cikin shekaru. Idan kuma da makinsa ya yanka wa ɗansa ko ƙaninsa tikiti, shi mai asusun ne zai ɗauki alhakin abin da matafiyin ya yi.

Akwai ɗan sassauci idan an yanki tikitin da makin wani kamfani, aka kuma hau jirgin abokin ƙawancensa a ƙungiyoyi irin su Star Alliance, oneworld ko SkyTeam. Kamfanin da ya ɗauki fasinjan ba shi ke riƙe da asusun ba. Duk da haka bayanan wanda bai hau jirgi ba suna cikin rajistar tikitin da kamfanonin biyu ke gani.

A aikace, kamfanoni sun fi bibiyar masu maimaita abin, domin fasinjoji na rasa jirgi kullum saboda rashin lafiya, makara ko canjin shiri. Amma ana samun akasin haka. A Yulin 2023 ma’aikatan American a Gainesville da ke jihar Florida sun soke tikitin wani matashi mai shekara 17 da ke kan hanyar New York ta Charlotte, bayan sun fahimci cewa a Charlotte zai tsaya. Sai da iyayensa suka sayi sabon tikiti.

Matsalolin da ke tasowa a hanya

Ko da kamfani bai ce uffan ba, tafiyar kanta na iya tona asiri.

Abu na farko, zangon ƙarshe kaɗai ake iya bari. Da zarar fasinja bai hau wani zango ba, na’urar kamfani na soke duk waɗanda ke biye da shi. Wanda ya yanki zuwa da dawowa, ya tsallake zangon ƙarshe na zuwan, ya rasa dawowarsa gaba ɗaya. Haka nan wanda ya yanki tikiti daga Dublin ta Landan domin ya kauce wa harajin tashi daga Birtaniya, wanda a 2025 ya haura fam 200 kan kujerun alfarma na dogon zango, ba zai iya zuwa ya hau daga Landan ba. Zangon farko da ya bari ya kashe sauran.

Na biyu shi ne kaya. Akwatin da aka auna aka shigar cikin jirgi yana ɗauke da alamar garin ƙarshe, can kuma zai tafi. Jakar hannu ma ba ta tsira ba, domin idan ma’ajiyar da ke saman kujeru ta cika, ma’aikata kan karɓi jakunkuna a bakin ƙofa su tura su garin ƙarshe. Ga ɗan kasuwar da ke dawowa da kaya niƙi-niƙi, dabarar ba ta da wani amfani.

Na uku shi ne canjin hanya. Alkawarin kamfani shi ne ya kai fasinja garin da ke kan tikiti, bai yi alkawarin bi ta wani gari ba. Idan yanayi ya ɓaci ko jirgi ya samu matsala, ana iya sauya masa hanya ta wani birni daban, ko ma a ɗora shi a jirgin da zai tafi kai tsaye. A irin wannan hali ba shi da bakin cewa shi dama garin tsakiya yake so.

Batun biza ga mai fasfon Najeriya

A nan ne lamarin ya fi shafar matafiya daga wannan yanki. Kamfanoni irin su Ethiopian, Turkish, Qatar Airways, Lufthansa da British Airways duk suna kwasar fasinjoji daga Najeriya zuwa manyan filayensu kafin su rarraba su, kuma kowannensu na da shirin maki.

Kafin a ba fasinja takardar shiga jirgi, ma’aikata na duba ko yana da izinin shiga ƙasar da ke ƙarshen tikitinsa. Idan babu, ba zai tashi ba, ko da bai yi niyyar taka ƙasar ba. Sannan yana buƙatar cikakken izinin shiga ƙasar da yake son sauka a tsakiya. Ke nan takardun ƙasashe biyu zai nema domin tafiya ɗaya.

Najeriya da Ghana na cikin jerin ƙasashen da dokar biza ta Tarayyar Turai ta wajabta wa ’yan ƙasarsu bizar ratse ko da filin jirgi kawai za su bi ta cikinsa, in ban da waɗanda aka keɓe saboda wasu takardun da suke riƙe da su. Wannan biza ba ta ba mutum damar fita daga ɓangaren matafiyan ƙasa da ƙasa na filin ba. Birtaniya ma na da irin tata. Wanda ya yi yunƙurin shiga gari da ita ya bar rikici da kamfani ya shiga hannun jami’an shige da fice, kuma abin da aka rubuta a kansa na iya bin duk wata neman biza da zai yi nan gaba.

Akwai kuma wakilan sayar da tikiti. Kamfanoni na aika wa wakili takardar cajin tara idan ya yanki tikitin da ya saɓa wa ƙa’ida, don haka wakilin da ya san aikinsa ba ya yarda ya yi wa abokin ciniki wannan.

Idan larura ce ta sa

Ba duk wanda ya bar zangon ƙarshe ne ke wayo ba. Rasuwa, rashin lafiya ko sauyin wurin taro na iya tilasta wa mutum tsayawa. Abin da ya dace shi ne ya sanar da kamfanin kafin jirgin ya tashi, ya nemi a cire zangon ko a sauya tikitin, musamman idan akwai dawowa a gaba ko kaya a cikin jirgi. Ana iya sake lissafa makin bisa sabuwar tafiyar, kuma galibi ba a mayar da makin zangon da ba a hau ba bayan an fara tafiya. Wasu haraje-harajen zangon kuwa ana iya neman a dawo da su.

Tikitin maki ya fi na kuɗi sauƙin gyara kafin tafiya, domin manyan kamfanonin Amurka sun soke yawancin kuɗin sauyi da na mayar da maki tun daga 2020. Wanda ya yanki tikiti mai ƙarin zango saboda rashin kujera na iya ci gaba da dubawa, ya sauya idan kujerar da yake so ta fito. Wasu shirye-shiryen ma sun halatta yada zango na kwanaki. Aeroplan na Air Canada, alal misali, yana ba da wannan dama a wajen Kanada da Amurka kan ƙarin maki 5,000.

Kafin mutum ya yanke shawara, zai kyautu ya auna makin da zai tsimi da jimillar abin da ke asusunsa, ya karanta sharuɗɗan shirin da yake ciki, ya kuma tabbatar da abin da bizarsa ta halatta masa. Idan bambancin kaɗan ne, biyan cikakken maki zuwa garin da ake nufi ya fi kwanciyar hankali.